Gwangwanin da Ya Daina Cika

Mansir ya kwance gwangwanin, ya karkata shi ga hasken rana, ya leƙa ciki. Babu komai sai ɗan danshi a gindinsa, kamar an suɗe shi. Tun farkon damina yake tarar da shi haka kowace Juma'a, kuma shi da ya ɗaura shi da hannunsa ya san cewa abin da aka sa domin ya tari datti ba ya zama wayam sai da dalili.

Motar da gwangwanin yake jikin injinta ta mahaifinsu ce, marigayi Malam Ladan, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya zauna a tsohon gidansa na GRA har ƙarshen rayuwarsa. Tsohuwar 'yar Jamus ce, ruwan toka, injinta yana da kwamfireso, wato na'urar da fanbel ke juyawa tana cusa wa inji iska da ƙarfi. Da tsufa ya fara kama injin, sai tururin baƙin mai da ke tasowa daga cikinsa ya riƙa bin tiyo yana komawa hanyar iska, yana shafe kwamfireson da maiƙo, fulogai suna baƙi, salansa tana hayaƙi. Mansir, wanda ya yi difloma a fannin injiniyan mota kuma yake da rumfar gyara a unguwar Gwallaga, shi ya samo maganin abin. Ya yanka tiyon gida biyu, ya sa gwangwanin alminiyam a tsakani, ta yadda tururin zai huce a ciki, mai da ruwa da ragowar fetur su kwanta a ƙasa, iska kaɗai ta wuce. Aikinsa kowane mako shi ne ya kwance, ya zubar da wannan ƙazantar a bayan gida, ya mayar.

Bayan rasuwar Malam Ladan, magada sun yarda a bar motar a hannun mahaifiyarsu Hajiya Maimuna, wadda 'ya'yanta ke kira Dada. Babban wansu Abdulsalam ne ya gindaya sharaɗi: muddin tana tashi tana tafiya, ta Dada ce, ranar da ta kwanta, a kira dillali. Dada ba ta iya tuƙi ba. Abin da ta iya shi ne abin da ta ga mijinta yana yi shekara da shekaru. Kowace safiya idan hantsi ya dubi ludayi, bayan Mansir ya tafi aiki, takan shiga ta tayar da motar ta ɗumama, ta zauna a kujerar direba tana jan carbi har injin ya daidaita murya, sannan ta kashe.

Mansir ya mayar da gwangwanin, ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. Ya juya shi. Ƙarƙashin murfin ya yi kumfa mai kauri, launin kunun gyaɗa. Ya zaro gejin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man ya dushe, ya rasa sheƙinsa. Ya duba lagireto yana fatan ya ga ruwa ya ragu, domin da gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke raba ruwa da mai a cikin inji, da aƙalla ya san abokin gabarsa. Ruwan na nan cike har wuya. Ya tayar da injin, ya ji wata 'yar ƙarar ƙarfe ta ɗan lokaci kafin mai ya hau, ƙarar da bai taɓa ji a wannan motar ba.

Ya kashe da sauri, ya rufe bonet.

Bai shiga ya yi wa Dada sallama ba. Ya tari Keke mai ƙafa uku ya nufi Gwallaga, kai tsaye wurin Toma mai walda, abokinsa da ya ƙera masa gwangwanin. Ya same shi a tsugune yana liƙe ƙafar kujera.

"Injiniya, yau kuma wa ya taɓa min kai?" in ji Toma, yana ɗage baƙin gilashinsa. "Ka shigo ko sallama babu."

"Gwangwaninka ya daina cika."

"To ai sai ka yi godiya. Inji ya warke."

"Tsohon inji ba ya warkewa, Toma. Kar ka yi min wasa yau."

Toma ya ajiye abin waldar. Ya tambaya ko tiyo ya toshe. Mansir ya ce ya hura shi da bakinsa, iska na wucewa. Ya tambaya ko gwangwanin ya tsage. Mansir ya ce da ya tsage da an ga mai a ƙasa, kuma ƙasan rumfar motar a bushe yake. Sannan ya ba shi labarin kumfar da ke ƙarƙashin murfi da lagireton da bai ragu ba.

Toma ya sosa ƙeya. "Ruwa dai ba ya tsiro a cikin inji haka kawai da yawa. In ba daga lagireto ya zo ba, to daga hannu ya zo."

"Abin da nake faɗa ke nan."

"A'a, ni ban faɗi hannun wa ba."

"Makulli biyu ne. Ɗaya yana ɗakin Dada, shi nake ɗauka. Ɗaya yana aljihun Yaya Abdulsalam." Mansir ya ji muryarsa tana hawa, bai kuma yi ƙoƙarin sauke ta ba. "Ranar nan na dawo na tarar ya kawo Ɗanlarai dillali yana zagaya motar, yana buga tayoyi da ƙafa kamar ya zo sayen tunkiya. Tun ba a yi arba'in ɗin Baba ba yake maganar a sayar. Ya ga ta ƙi mutuwa, shi ne ya ce bari ya taimaka mata. Yana zubar da abin da ke gwangwanin don kada in ga alama, yana ɗura mata ruwa ta sama."

"Ka gan shi?"

"Sai na gan shi? Ni yaro ne?"

"Mansir, ni dai a gidanmu, wanda bai gani da idonsa ba ba ya ɗaga murya ga wansa. Ka ɓuya ka kama shi, ko ka canza mai ka yi shiru ka ƙara lura."

"In ƙara lura har injin ya buga?"

"To Allah Ya ba da sa'a," in ji Toma, ya sauke gilashinsa. "Amma ka tuna ni gwangwani kaɗai na liƙe maka."

Al'adar gidan ce tun Malam Ladan yana raye, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci 'ya'ya su taru su ci abincin Dada. Abdulsalam ya iso daga sabon gidansa na unguwar Tirwun cikin farar shadda, ya ajiye motarsa a bayan ta mahaifinsu. Dada ta sa an shimfiɗa tabarma a barandar da ke kallon rumfar mota, ta kawo dambu da man gyaɗa soyayye da albasa. Mansir ya zauna a gefe, bai wanke hannu ba.

"Auta, ba ka ci?" Dada ta tambaya.

"Na ƙoshi."

"Injiniya ya sha baƙin mai ya ƙoshi," in ji Abdulsalam yana dariya, yana zuba yaji. "Af, Dada, ɗazu da na wuce na ga tayar bayan nan ta fara tsagewa. Motar da ba a hawa lalacewa take yi a tsaye. Na sha faɗa."

"Ai dole ka faɗa," in ji Mansir.

Abdulsalam ya ɗago kai. "Me ka ce?"

"Na ce dole ka faɗa, tunda kai ka san abin da kake mata."

Dada ta ajiye ludayi. Mansir ya miƙe, ya tafi rumfa, ya buɗe bonet, ya kwance murfin mai, ya dawo ya dangwarar da shi a kan tabarma kusa da kwanon wansa, kumfar tana sama.

"Mene ne wannan kake ajiye min a kan abinci?"

"Aikinka ne, Yaya. Ruwan da kake zuba wa motar Baba ne."

Sai Abdulsalam ya ture kwanon a hankali, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Maimaita."

"Ka ji ni. Ka ce ranar da ta kwanta a kira dillali. Dillalin ka riga ka kira shi, saura kwanciyar. Da ka fito fili ka ce ba ka iya jira, da ya fi maka mutunci a kan ka riƙa laɓaɓowa kana kashe ta kaɗan-kaɗan, Dada tana zaune a ciki kullum tana yi wa Baba addu'a!"

"Mansir!" in ji Dada.

"Ki bar shi, Dada, ki bar shi ya gama." Abdulsalam ya miƙe tsaye, hularsa ta goce bai gyara ba. "Ni? Ni zan zuba wa motar ubana ruwa? Kai, yaro, a cikin motar nan na koyi tuƙi kana tsumman goyo. Ranar da jikin Baba ya tsananta, wa ya ɗauke shi a ciki ya kai shi asibiti? Kana ina? Kana makaranta kana zana inji a takarda! Na kawo Ɗanlarai, ƙwarai na kawo shi, da rana tsaka, da sanin Dada, don in san darajarta kafin ta zama kwangiri. Wannan shi ne laɓaɓowa? Don ka ɗaura mata gwangwanin madara shi ke nan ka fi kowa son Baba?"

"Ba gwangwanin madara ba ne, kuma da ba don shi ba da tuni kwamfireson ya cika da maiƙo. Ka faɗa min wa yake zubar da abin da ke ciki in ba kai ba? Tun farkon damina ban tarar da ko cokali ɗaya ba!"

"Ni ko inda kake kwance shi ban sani ba!"

"Ƙarya kake yi, Yaya."

Kalmar ta fita kafin ya san ta fita. Abdulsalam ya ɗaga hannu, ya tsaya da shi a sama, sannan ya sauke ya damƙe gefen rigarsa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Man da ke cikin ƙaramin gwangwanin nan kuke magana?" Dada ta tambaya. Muryarta ba ta tashi ba, amma dukansu suka juyo. "Ai ba zubarwa ake yi ba. Ni nake mayarwa."

Ta dafa bango ta tashi, ta shiga kicin. Ta fito da ƙaramin mazurari na roba da wani farin ƙyalle da ya riga ya rine ya koma ruwan ƙasa, ta ajiye su a kan tabarma kusa da murfin.

"Na daɗe ina kallonka ta taga kana kai shi bayan gida kana kwararwa a ƙasa, abin yana ci mini rai. Mai ne fa. Mahaifinku ko ɗigo ya zuba a gefen galan sai ya lakato da yatsa ya mayar. Sai na lura da yadda kake murɗa shi, ba wuya. In na gama ɗumama ta na bari ta huce, sai in kwance in tace da ƙyallen nan, kamar yadda nake tace man suya, in zuba ta inda Malam yake zubawa. Tas yake fita, babu ko tsaki. Na ce in rage maka aiki, in kuma rage ɓarna." Ta dubi kumfar da ke jikin murfin, sannan ta dubi Mansir. "Wannan ɗin daga shi ne?"

Mansir ya dubi ƙyallen. A take lissafin ya haɗu a kansa. Injin da ake tayarwa kullum ba a tafiya da shi ba ya yin zafin da zai ƙone raɓar da ke cikinsa, balle da damina. Raɓar ce take taruwa a gwangwanin tare da fetur da tsamin hayaƙi, ƙyalle kuma ba ya tace ruwa. Abin da ya wahala yana fitarwa, shi ake mayarwa kowace safiya da bismillah.

"Ana tambayarka," in ji Abdulsalam. "Faɗa mata mana, injiniya. Ni ai ba ka ji nauyin faɗa min ba. Ɗaga muryar nan taka ka faɗa mata."

"Dada, abin da ke ciki ba mai ba ne zalla," in ji Mansir, yana kallon tabarma. "Rabinsa ruwa ne da datti. Shi ya sa nake zubarwa."

"Ka taɓa gaya min?"

"Ban zaci za ki taɓa ba."

"Ba ka zaci zan taɓa ba. Amma ka zaci ɗan'uwanka zai zuba ruwa." Ta koma ta zauna. "Na kashe ta ke nan?"

"A'a, wallahi ba ta mutu ba. In na sauke man, na wanke cikin injin, na canza filta, za ta dawo daidai. Aikin yini ɗaya ne. Daga yau kuma ni zan riƙa fita da ita tana yin zafi sosai. Ba abin da ya lalace, Dada."

"Ba abin da ya lalace," Abdulsalam ya maimaita, ya yi wata dariya marar daɗi. "A gaban uwata ka kira ni maƙaryaci, ka ce ina kashe abin da ubana ya bari, amma ba abin da ya lalace."

"Yaya, ka yi haƙuri. Alamun ne duk suka..."

"Kar ka kawo min alamu. Ka riƙe haƙurinka." Ya laluba aljihu, ya ciro makullin motar, ya jefa shi kan tabarma har ya bugi mazurarin. "Ga shi nan. Kada a sake nemana a maganar motar nan, ko ta tashi ko ta ƙone."

Dada ta ɗauki makullin ta juya shi a tafin hannunta. Ta daɗe tana kallon rumfar, inda bonet yake a buɗe har yanzu.

"Na riƙe ta ne don in na ji ƙararta nakan ji kamar yana gida," ta ce. "Yau na ji abin da take jawo min. Tun rasuwarsa ba ku zauna a kan tabarmar nan kun tashi ba tare da an ambace ta ba. Ya isa. A kira Ɗanlarai."

"Dada, sharaɗin ai sai ta kwanta ne!" in ji Mansir. "Ba ta kwanta ba!"

"Sharaɗinku ne. Wannan maganata ce."

"Ni dai ba da hannuna ba," in ji Abdulsalam. "In na kai ta yanzu, gobe a ce abin da nake nema ke nan na samu."

"Ba kai za ka kai ba." Ta miƙa wa Mansir makullin. "Kai za ka gyara ta, don ba zan sayar wa bawan Allah abin da na san na ɓata ba. In ka gama, kai za ka tuƙa ta ka kai."

Abdulsalam ya sa takalmansa, ya durƙusa ya yi wa Dada sallama, ya wuce ta gaban ƙaninsa kamar ba kowa a wurin. Dambun ya huce a kwano.

Washegari Mansir ya yi aikin a rumfar gidan. Ya sauke man, ya ga yadda yake fita a dushe. Ya kwance kaskon mai na ƙasan injin, ya wanke ragar da ke tsotso mai, ya sa sabuwar filta, ya zuba sabon mai. Duk kusoshin da ya ɗaure sai da ya koma ya sake gwada su, yana cije leɓe, yana jin haushin da ya rasa wanda zai ɗora wa. In ya tuna Dada da ƙyallenta sai ransa ya ɓaci, in ya tuna dalilinta sai ɓacin ya dawo kansa. In ya tuna wansa, sai ya ga ai shi ma da bai kawo dillali ba da zancen bai kai nan ba, sannan ya tuna hannun nan da ya tsaya a sama bai sauka a fuskarsa ba. Da ya tayar da injin, babu ƙarar ƙarfe ko kaɗan. Ya tashi lafiya lau, da irin muryar da yake yi a zamanin Malam Ladan. Labulen tagar Dada ya motsa, amma ba ta fito ba.

Bai bi gajeriyar hanya ba. Ya fita bayan gari inda titi ya miƙe, ya taka mai, ya ji kwamfireson ya ɗauki siririn kukansa, motar ta manna shi da kujera. Ya yi ta tafiya har allurar zafi ta tsaya inda ya kamata ta riƙa tsayawa tun da can, sannan ya juyo.

Ɗanlarai yana zaune a kan benci a filin da yake jera motoci. Ya taso yana tafa hannu.

"Kai, ka ji murya! Wannan ai amarya ce. Buɗe min in gani." Ya leƙa cikin injin, ya ƙwanƙwasa gwangwanin da farce. "Wannan kuma fa? Na gan shi tun ranar nan na manta ban tambaya ba."

Mansir ya yi masa bayani dalla-dalla: inda tururin ke fitowa, abin da yake yi wa kwamfireso, yadda ake kwancewa, da cewa duk wanda ya saya dole a gaya masa ya riƙa zubarwa, kada ya kuskura ya mayar.

"Malam Mansir, tsaya," in ji Ɗanlarai. "Mai saye in ya buɗe bonet ya ga abin da ba kamfani ya sa ba, cewa zai yi injin yana da ciwo ana ɓoyewa. Cire shi kawai ka mayar da tiyon yadda yake."

"In na cire, dattin zai koma cikin kwamfireso."

"To ya koma mana. Motarka ce?"

Mansir ya dube shi har dillalin ya kau da kai. Sannan ya buɗe but ya ɗauko sifana. Ya kwance gwangwanin, ya haɗa bakin tiyon biyu da guntun bututu, ya ɗaure su tam, ya ja ya tabbatar ba za su zame ba. Ya ajiye makullai biyu a kan bonet, bai karɓi hannun da Ɗanlarai ya miƙo masa ba.

A bakin titi, yana jiran Keke, ya ciro waya ya kira Abdulsalam. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, aka kashe. Ya mayar da ita aljihu, ya kwance murfin gwangwanin da ke hannunsa, wanda har yanzu da sauran ɗuminsa. Tafiyar da ya yi ta tara ɗan baƙin ruwa a gindinsa. Ya karkata shi ya zubar a kwata.